Don Allah a taimaka min da Hausar "Thanksgiving" kafin gobe da yamma

Maman Tabita: Salama 'yan'uwa. Ina da 'yar matsala kuma lokaci ya ƙure min. Ranar Asabar ni ce da koyarwa a zumuntar mata kan yadda za mu koya wa yara godiya a cikin gida, shugabarmu ta ba ni wata takarda ta Turanci in juya ta Hausa don yawancin iyayenmu mata ba sa jin Turanci. To takardar tun daga farko har ƙarshe a kan Thanksgiving na Amurka aka gina ta, yadda iyali ke taruwa a ci abinci kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Na sa "ranar godiya" sai na ga bai zauna min ba, don mu nan da ka ce godiya hankalin kowa coci zai tafi, a fito da rawa da ambulan a hannu. Me zan sa? Gobe Juma'a da yamma zan kai a buga.

Bulus na Wusasa: Ranar Godiya. Shi ke nan Mama, kada ki wahalar da kanki.

Garba Mai Shayi: Sallar talotalo 😂

Anti Ladi: Maman Tabita tsoronki yana kan hanya. Ni a jihar Merilan ta Amurka nake zaune kuma gaskiya abin ba na coci ba ne yadda muka san godiya a gida. Wasu coci-coci suna yin sujada daren Laraba ko safiyar ranar amma ainihin bikin a falo da kicin ake yinsa. Alhamis ta huɗu ce ta watan Nuwamba, hutu ne na ƙasa baki ɗaya, filayen jirgi da manyan hanyoyi su cika maƙil kamar tashar mota ana jibi Kirsimeti, kowa na neman gidan iyayensa. A gasa talotalo guda sukutum, a kirɓa dankalin Turawa, ga wata jar miya mai tsami-tsami da zaƙi, ga abin zaƙi na kabewa. Kuma ba Kirista kaɗai ba, maƙwabtana Musulmi 'yan Senegal suna yi, Yahudawa na yi, wanda bai yarda da komai ba ma yana yi. Ni da zan zaɓa sai in ce "bikin godiya na iyali" don kalmar iyalin nan ita ce za ta raba shi da na coci.

Malam Ɗanjuma: Duk kuna ta kewaye-kewaye alhali Bahaushe na da kalmarsa tun kafin a haifi kakan Bature. KALANKUWA. Me aka yi a garin Plymouth na Amurka a 1621? Baƙin da suka zo a jirgin Mayflower a 1620, kusan rabinsu sanyi da ciwo suka kashe a hunturun farko, sai da 'yan ƙasa suka nuna musu yadda ake shuka masara, da amfani ya yi kyau aka zauna aka yi kwana uku ana ci ana sha. Bikin kaka ke nan, bikin kaka kuwa a Hausa sunansa kalankuwa. A rubuta Kalankuwar Amurka a wuce wurin.

Maman Tabita: Kai Malam, kalankuwa a gaban matan zumunta? Ai sai mama shugaba ta karɓe takardar daga hannuna. Mu abin da muka sani a kalankuwa kiɗa ne da dambe da kokawa da samari da 'yan mata a dandali har dare.

Malam Ɗanjuma: Wannan lalacewar zamani ce Mama, ba ma'anar kalmar ba. Asalinta murnar an kai amfani gida lafiya.

Dattijo Ishaya: 'Yata, ni shawarata "Idin Godiya". Kunnen matanmu ya riga ya saba da wannan ginin daga Littafi Mai Tsarki, Idin Ƙetarewa, Idin Bukkoki, kuma in kika duba Littafin Firistoci sura 23 Idin Bukkoki ma bayan an tattara amfanin gona ake yinsa, kwana bakwai. Da kin ce idi sun san rana ce ta musamman mai dawowa shekara-shekara, wadda ake taruwa a ci a yi murna a gaban Allah. "Rana" kawai ba ta ɗauke da wannan nauyin, ranar kasuwa ma rana ce.

Bulus na Wusasa: Baba ranka ya daɗe ban ƙi taka ba amma akwai haɗari. Idodin can Allah ne ya umarta ta bakin Musa. Wannan kuwa Shugaba Lincoln ne ya yi shelarsa a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasarsu, bayan wata mata editar mujalla, Sarah Hale, ta shekara da shekaru tana rubuta wa shugabanni wasiƙa. Shugaba Roosevelt ma ya taɓa matsar da ranar a 1939 don 'yan kasuwa su sami ƙarin kwanakin cinikin Kirsimeti, sai a 1941 majalisa ta kafe ta a Alhamis ta huɗu. Ranar da shugaban ƙasa zai iya turawa gaba da baya saboda ciniki ba zan kira ta idi a gaban tsofaffi ba, gobe wata za ta tambayi fasto me ya sa cocinmu ba ya kiyaye wannan idin.

Sani Fagge: Ni Musulmi ne amma fassara ce sana'ata, a ba ni dama in sa baki. In takardar za ta tsaya a cikin zumunta kawai idi zai wuce. In za ta fita waje, mai karatu na gari da ya ga idi filin idi da Sallah zai gani. Ina bayan Bulus, Ranar Godiya, sai a bi ta da bayani layi ɗaya.

Garba Mai Shayi: To tunda an ƙi sallar talotalo a sa cika-cikin Turawa mana, ai Anti Ladi ta ce ci ake har a kasa tashi

Anti Ladi: Garba Allah ya shirye ka 😂 amma ban ƙaryata ba

Malam Ɗanjuma: Idi Larabci ne, hamdala Larabci, shukura Larabci. Kun gudu daga Turanci kun faɗa Larabci kuna cewa kun yi Hausa. Wannan ita ce matsalar Hausar coci dama, an ɗauko ta daga bakin Turawan mishan an haɗa da ta 'yan kasuwar Jos, shi ya sa in ana wa'azi Bahaushen asali sai ya yi ta tunanin me ake nufi. Kalankuwa ce kaɗai a cikin duk abin da aka kawo nan ba aro ba.

Bulus na Wusasa: A'a Malam dakata. Wace ce Hausar coci? Ni Bazazzage ne gaba da baya, kakana a cikin birnin Zariya aka haife shi, ba wanda zai koya min Hausa don ina zuwa coci. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, Dakta Miller, Baturen mishan ɗin da ya yi aikin fassarar, bai zauna shi kaɗai a ɗaki ya ƙaga ba, da Hausawa ya yi aikin, kuma mutane da yawa a ƙasar nan da shi suka koyi karatun boko. Ka ce ba ka son idi, wannan ra'ayinka ne, amma kada ka ce Hausarmu ba Hausa ba ce. Sannan in za ka kori Larabci sai ka fara da Alhamis ɗin da ake bikin, da Asabar ɗin da Mama za ta yi koyarwa, da "Malam" ɗin da ke gaban sunanka.

Sani Fagge: Da "asali" da "zamani" da "kalma" da ya yi ta amfani da su a sama. Malam in aka cire Larabci daga saƙonka na farko ko gaisuwa ba za ta rage ba. Kuma godiya ai ba aro ba ce, daga gode take, to ina matsalar Ranar Godiya ko a ma'auninka?

Malam Ɗanjuma: Matsalarta ba ta da gishiri. Fassarar kalma da kalma ce irin ta ɗan aji ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Ku mutanen Nijeriya kuna ban dariya, kun cika Hausa da Ingilishi sannan ku zo kuna faɗan wa ya fi tsarki. Mu nan ba mu san wani tanksgibin ba sam, in an gama girbi ana kawo damman hatsi a eglis a yi godiyar kaka shi ke nan. Hausar kirki sai Gobir da Katsina.

Garba Mai Shayi: "eglis" fa ya ce, coci da Faransanci 😭 mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi

Ɗan Maraɗi: Aƙalla mu mun san aro muka yi

Rahila K.: Ni ba kalma na zo kawowa ba, amma Mama in za ki ba da labarin 1621 kada ki ba da shi rabi. Mutanen Wampanoag, 'yan asalin wurin, su ne suka ciyar da baƙin nan, sarkinsu Massasoit ya zo bikin da mutum kusan 90 har suka kawo barewa biyar, amma 'ya'yan waɗanda aka ciyar ɗin su suka yaƙe su daga baya suka ƙwace ƙasar. Tun 1970 akwai 'yan asalin ƙasar da ke taruwa a Plymouth a wannan ranar suna kiranta ranar makoki. In darasin godiya ne ai wannan ma darasi ne, a gode wa Allah a manta da mutumin da Allah ya aiko.

Malam Ɗanjuma: Kin ga ko nan kalankuwa ta fi, don ba ta yi wa kowa alkawarin tsarki ba.

Maman Tabita: Jama'a don girman Allah. Na shigo neman kalma ɗaya yanzu ga ni da yaƙin Zariya da Maraɗi. Tuwona na kan wuta. Rahila na gode zan sa layi biyu a kai. Anti Ladi ki taimake ni, abin nan da takardar ke cewa ana zagaya tebur kowa ya yi magana, haka ake yi da gaske ko na takarda ne?

Anti Ladi: Ana yi sosai, ba kowane gida ba amma gidajen masu bi da yawa suna yi. Kafin a taɓa abinci mai gida ko kaka ta yi addu'a, wasu su karanta Zabura 100, sai a bi ɗaya-ɗaya har ƙaramin yaro kowa ya faɗi abu guda da yake godiya a kai a shekarar. Wasu tun farkon Nuwamba suke ajiye kwalba yara na rubutawa a 'yan takardu suna jefawa, ranar sai a juye a karanta. A gidana na hana "na gode don komai da komai", sai ka kama suna, wa ya yi maka me, don yaro in ka bar shi da komai da komai bai tuna kowa ba. Na farko-farko za ki ji shirme, wani zai ce ya gode don an sayo masa takalmin ƙwallo, ki bar shi, a haka ake farawa. Kuma akwai masu kai yaransu su raba abinci wa marasa gida da safe kafin su zauna cin nasu.

Dattijo Ishaya: To 'yata ki ji, wannan duk ba baƙon abu ba ne a wurinmu, teburin ne kawai baƙo. Da muna yara in wani ya yi maka alheri yau, gobe da sassafe uwarka za ta tasa ka gaba ka koma ka durƙusa ka ce an gode da abin jiya, godiyar take ba ta wadatar ba. Yaron da aka aiko da kwano ba ya komawa hannu wofi, yaba kyauta tukwici. Mu muka saki wannan, yanzu sai yaro ya karɓi abu da hannu ɗaya idonsa na kan waya. Ki haɗa musu da Luka 17, kutare goma aka warkar ɗaya ne ya komo, shi ma Basamariye. Komowar nan ita ce abin koyarwa. Na janye idi tunda Bulus ya kawo hujja, ko da yake har yanzu ya fi daɗi a kunnena.

Maman Tabita: Baba na gode ƙwarai, wannan na komawa washegari shi zan buɗe da shi ma. To ga abin da na tsayar: a kai zan rubuta Ranar Godiyar Amurka, a ƙasa in ce biki ne na iyali da ake yi a gida, ba irin baikon godiya ko godiyar kaka da muke yi a coci ba.

Sani Fagge: Mama gyara kaɗan, Ranar Godiya TA Amurka. In kika ce godiyar Amurka ya zama kamar Amurka ake gode wa, ko ita ke godiyar. Kuma "ta Amurka" ɗin dole ne don Kanada na da tata Litinin ta biyu ta Oktoba, Laberiya ma na yi Alhamis ta farko ta Nuwamba.

Bulus na Wusasa: Wato bayan duk wannan an dawo kan abin da na faɗa tun farko.

Anti Ladi: Da kalmar "iyali" da na kawo a ƙasa dai Bulus, kada ka cinye kai kaɗai

Maman Tabita: Na gyara Malam Sani, Allah ya saka. Malam Ɗanjuma ka yi haƙuri, zan ambaci kalankuwa da baki in na zo wurin girbin 1621 don su gane, amma ba za ta shiga takarda ba.

Malam Ɗanjuma: Ba komai Mama, takardarki ce. Ranar Godiya ba kuskure ba ce, lami ce kawai. Ni dai a ajina kalankuwa zan ci gaba da cewa. Bulus kuma maganar Hausar coci ban ce duka ba, na ce wasu masu wa'azi.

Bulus na Wusasa: Ba haka ka rubuta ba Malam, yana nan a sama kowa na gani.