Mutum biyar cikin rundunar dubbai

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina tsara sabon labari a D&D (Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke taka rawar jarumi ɗaya a cikin labari), masarautu biyu ke gwabzawa, ga matsafa ga dodanni. 'Yan wasana biyar ne kacal. Ya zan yi da su kada su koma 'yan kallo?

Yaya Sani: Wa alaikumus salam. Kada ka kai su tsakiyar fagen fama, ƙanena. In ka ce kowane soja sai an jefa masa dayis (ɗan ƙwallon lambobi da ke yanke nasara ko faɗuwa), sai asuba ba ku gama zagaye ɗaya ba. Ba su aikin da runduna ba za ta iya ba: su karya gada, su tsallaka da wasiƙa, su lallashi wani sarki ya kawo ɗauki. Nemi Red Hand of Doom, littafin labarin D&D na 2006. Runduna ce ke tahowa garin Brindol bisa jadawalin kwanaki, ko 'yan wasa sun motsa ko suna barci tana tafe. Abin da suka cim ma a hanya maki ake rubuta musu, kuma makin na da tasiri kan yadda ƙarshen zai kaya.

Anti Hauwa: Ni Band of Blades zan ce, wani wasan tebur ne daban na 2019. Tun kafin a fara an riga an ci ku da yaƙi, kuna ja da baya ne zuwa wata mafaka mai ganuwa da ake kira Skydagger Keep. Abin da ya fi burge ni, akwai ɗan wasan da aikinsa lissafin abinci da dawakai. In ya buɗe takarda ya ce guzuri ya kusa ƙarewa, sai ka ji tebur ya yi tsit. Ko ba za ka buga shi ba, ari wannan dabarar.

Auta: To ni fa gumurzun nake so, Anti. A taru a yi ta ƙirga buhun gero?

Yaya Sani: Auta, ai D&D ɗin daga wasan runduna ya fito, Chainmail na 1971, sannan a 1974 aka koma kan jarumi ɗaiɗai. Za a yi maka gumurzunka. Jifan dayis ɗaya ga ɓangaren rundunar na dama, ɗaya ga hagu, ɗaya ga tsakiya, sai a dawo kan ƙofar da mutum biyar ɗin ke tsare da ita.

Malam Bala: Geron da kake rainawa shi ne labarin. Dubi namu na da: da rani aka fi fita yaƙi, don da damina mayaƙa na gona, rafuka sun cika. Ɗan lifidi abin tsoro ne, amma shi da dokinsa suna cikin auduga a zafin rana, dole a nemi ruwa. Ka ga rijiya ɗaya ta isa zaman wasa guda. Ganuwar Kano kuma har da gonaki ta kewaye, shi ya sa yi wa irin wannan birni ƙawanya ba wasa ba ne. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ma sai 1808 ta faɗi, bayan hare-haren da suka gaza. Sai dai ka sauya sunaye, Ɗan Fagge. Zuri'ar mutanen nan suna nan da ransu.

Anti Hauwa: Sannan kafin zaman farko ka tambayi kowa abin da ba ya so a siffanta. A cikinmu akwai wanda ya ga gudun hijira da idonsa, ƙona ƙauye ba tatsuniya ba ce a wurinsa.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Na ɗauki jadawalin da rijiyar. Zan fara su a matsayin masu rakiyar ayarin hatsi, kwana goma kafin runduna ta iso. Malam, rijiyar a hannun wa zan sa ta?

Malam Bala: Hannun ƙauyen da ɓangarorin biyu suka riga suka kwashe wa rumbu. Ka bar 'yan wasan su san yadda za su roƙa.

Auta: Ni dai a ajiye mini ɗan lifidin.