Daga zauren tarihi: Wai Makbet sarkin halak ne?

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Hanifa ta dawo daga makaranta tana kuka, malamin adabi ya ba ta biyu bisa goma don ta rubuta cewa Makbet na gaskiya ba azzalumi ba ne. Ni na gaya mata da bakina. Na taka har makarantar, malamin ya ce shi abin da ke cikin wasan kwaikwayon Shakespeare ya sani, inda Makbet ya kashe Sarki Dankan yana barci ya hau karaga. To ku ji. Makbet ya mulki Sikotland daga 1040 zuwa 1057. Bai kashe Dankan yana barci ba, a fagen yaƙi ya kashe shi kusa da Elgin, kuma Dankan ne ya ɗebo runduna ya shigo masa ƙasarsa ta Moray a arewacin Sikotland. Dankan ɗin ma ba dattijo mai furfura ba ne, matashi ne da ya sha kashi a Durham ba da jimawa ba kafin nan. Makbet sarkin halak ne. Mai ja ya fito.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Malam, halak fa ka ce? To Dankan kuma mene ne? Faɗi mu ji.

Baban Hanifa: Ban zagi uwar kowa ba, ɗan'uwa. Sarauta nake nufi.

Maman Walid: Allah ya huci zuciyar Hanifa. Amma Baban Hanifa, wanda ya taka jini ya hau karaga shi ne na halak? A ɗaki ko a fagen fama, rai dai rai ne.

Na'ibi: Kafin a yi nisa, kalmar ma kuskure ce. Halak a Larabce halaka ke nan. Halal ake cewa, ko halas.

Bakano: Allah gafarta Malam, tun kakanninmu ɗan halak muke ji. Yau kuma za a canza mana baki?

Na'ibi: Daɗewar kuskure ba ta mayar da shi daidai.

Bakano: To ka fara gyara wa kakarka tukuna.

Anti Malama: Ku tsaya mana. Ma'aunin da ake aunawa da shi ne ba daidai ba. A wancan zamanin ɗa ba ya hawa kai tsaye bayan ubansa a Sikotland. Bayan Sarki Kenneth MacAlpin ya rasu a 858, sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidajen 'ya'yansa biyu, yau wannan gida, gobe wancan, kuma galibi takobi ne ke raba gardamar. Malkam na Biyu kansa sai da ya kashe Kenneth na Uku a 1005 ya hau. Ya yi mulki har 1034, bai bar ɗa namiji ba, sarauta ta faɗa hannun jikansa Dankan, ɗan 'yarsa Bethóc. Ita kuwa matar Makbet, Gruoch, jinin wani reshen gidan sarautar ce da aka ture gefe. In dai tsohuwar al'ada za a bi, hawan Dankan ne baƙon abu.

Bazazzagi: Ashe tsarinmu suka ara. Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa, gida huɗu kuma ana zaune lafiya. Ba kamar wasu ba.

Bakano: Wasu su wa? Fito fili.

Bazazzagi: Waɗanda suka yi basasa a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa. Ni ban kama suna ba.

Bakano: Ai mai abu shi ake yi wa faɗa a kai. Wa zai ɗauki takobi saboda Zariya?

Shugaban Zaure: A yi wasan a tsaya iya nan. Duk wanda ya jawo mana maganar masarautu ta yanzu zan cire shi.

Kawu: Ni magana ɗaya na kama a bayanin Malama. Ɗan mace ne Dankan. Ɗan mace kuwa ba ya gadon sarauta, a gidan ubansa yake da gado. Uban nasa ma, Crínán, shugaban gidan ibada ne a Dunkeld. An gama.

Maman Walid: Kawu, da girmanka. Shi Makbet ɗin da kuke wankewa ba ta hannun mace ya ƙarfafa hujjarsa ba? In mace ta ba Dankan bai halatta ba, in ta ba Makbet ya halatta?

Na'ibi: Kun ga, "halatta" ta ce. Daga halal. Na gode Hajiya.

Bakano: Malam, don Allah ka je ka yi alwala.

Bazazzagi: Tunda an taɓo matar, a faɗi sauran. Mijinta na fari, Gille Coemgáin mai sarautar Moray, an ƙone shi da mutanensa hamsin a 1032. Shi da ɗan'uwansa ne suka kashe mahaifin Makbet a 1020. Ana ƙone shi Makbet ya ɗauki sarautar Moray ya kuma auri matar. Wa ya kunna wutar? Ni dai na san wa ya ci riba.

Baban Hanifa: Zargi ba hujja ba ne. Kawo inda aka rubuta shi ya yi.

Bazazzagi: Kai ina naka rubutun?

Baban Hanifa: Ga shi. A 1050 ya tafi ziyara Roma, marubucin zamaninsa ya ce ya watsa wa talakawa kuɗi kamar mai watsa iri. Sarkin da ƙasa ba ta yarda da shi ba zai bar karaga ya yi wannan doguwar tafiya, ya dawo ya tarar da ita?

Maman Walid: Rabon kuɗi kuma? Ai mun saba ganin masu rabo. Ba ya wanke hannu.

Mai Data: Akwai data a farashi mai sauƙi, a yi mini magana ta gefe.

Anti Malama: Abin da malamin ya kamata ya gaya wa yaran shi ne, an rubuta wasan ne wajen 1606, shekara fiye da 500 bayan mutuwar Makbet, a zamanin Sarki James wanda gidansu ke da'awar sun fito daga tsatson Banquo, abokin Makbet da a wasan Makbet ɗin ya sa aka kashe. Mawaƙin fada ba ya ɓata kakan mai gida.

Kawu: Malama ki bar kwana-kwana. Halak ne ko ba halak ba?

Na'ibi: Halas.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda Makbet ƙwace ya yi, kuma abin da aka ƙwata ba ya zama. A 1054 Siward na Northumbria a arewacin Ingila ya shigo da runduna ya karya shi. A 1057 Malkam ɗan Dankan ya kashe shi a Lumphanan, a 1058 ya gama da Lulach, agolan Makbet da aka naɗa bayansa. Haƙƙi ya koma ga mai shi, ɗa ya zauna a kujerar ubansa, zuri'arsa kuma ta riƙe ƙasar har 1286. Bayanin Malama yana da amfani amma ya yi tsawo. Maganar kalma, Na'ibi ya fi gaskiya. Zan rufe nan da minti biyu.

Anti Malama: Ranka ya daɗe, wane mafi yawa? Mutum nawa ka ƙirga? Kuma Malkam ɗin yana mutuwa a 1093 ƙaninsa Donald Bán ne ya hau, ba ɗansa ba. Ka saka wannan a cikin tattarawar.

Bakano: Shugaba ai ɗan fari ne a gidansu, kowa ya san inda ya dosa.

Baban Hanifa: Yanzu in koma wurin malamin ne ko in bar shi? Ba wanda ya ce komai a kan makin yarinyar.

*Shugaban Zaure ya rufe tsokaci.*