Bizar jinƙai ga ƙanwata da ke sansani a Chadi: in biya dillalin ko mu jira?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Ƙanwata ta tsere daga yankin Darfur na Sudan a 2023 bayan an kashe mijinta, ita da 'ya'yanta biyu, yanzu suna wani sansani a gabashin Chadi, can wajen Adre. Tana da rajista da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amma sunanta yana ƙarƙashin katin wan mijinta, shi aka rubuta a matsayin mai gida, shi ke karɓar rabon abinci. Ya daɗe yana matsa mata sai ta aure shi. Da ta ƙi ya fara dukanta, ya ce kuma zai ƙwace yaran tunda jininsa ne. A watan jiya ta fita neman itace wasu maza suka tare ta. Ba zan iya faɗin fiye da haka ba.

Wani da aka haɗa ni da shi ya ce zai samo mata bizar jinƙai ta Italiya, dala 4,500, rabi yanzu, rabi in biza ta fito. Wai sai na tura kafin ƙarshen wata don gurbi biyu suka rage. Ya turo mini hoton wata takarda mai tambari. Ina da kusan rabin kuɗin, sauran bashi zan ci. Tambayata biyu ce: akwai wanda ya taɓa samun irin wannan bizar ta hannun dillali? Sannan in ta kai ƙarar wan mijin ga jami'an sansani, ba zai ji labari ba?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mata mafita. Ki rabu da dillali, ta ɗauki fasfonta ta je ofishin jakadancin Italiya a Kartum da ƙafarta, ta yi musu bayani.

Ummu Hanan: Baban Sadik, a Chadi take, na faɗa a sama. Fasfo kuma ya ƙone tare da gidan. Ofisoshin jakadancin ma ai sun kwashe mutanensu daga Kartum tun watan Afrilun 2023.

Ɗanliti: 4,500 ya yi yawa gaskiya. Abokina dala 2,000 ya bayar, na Brazil, kuma har da tikiti aka ce masa.

Hajiya Mairo: Wane 2,000? Wata da na sani 7,000 aka nema a wurinta, ta Kanada. In dai ka ji arha to ba ta gaskiya ba ce. Ɗanliti, abokin naka ya tafi?

Ɗanliti: Yana jira tukuna, Hajiya.

Baban Sadik: Ni dai na san bizar Turai yuro 80 ce, me ya kawo dubbai?

Hajiya Mairo: 90 ce yanzu, an ƙara tun 2024.

Abu Yasir: Waccan da kuke gardama a kai ta ziyara ce, ba ta shafi maganar nan ba. 'Yar'uwa Ummu Hanan, don Allah kada ki tura ko sisi. Na yi aikin sa kai da 'yan gudun hijira, kuma abin da zan faɗa miki duk wanda ya zauna a ofishin 'yan gudun hijira ya san shi.

Babu wata biza mai suna bizar jinƙai da Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta su bayar. A watan Maris 2017 kotun Tarayyar ta yanke hukunci kan wasu iyali 'yan Siriya da suka nema a ofishin jakadancin Beljiyam a Beirut, ta ce wannan ya rage wa kowace ƙasa da dokarta. Abin da Italiya take da shi, wanda dillalin ke fakewa da sunansa, shi ne shirin da ƙungiyar agaji ta Katolika mai suna Sant'Egidio da wasu coci-coci suka fara a 2016 da 'yan Siriya daga Labanon. Su ke zaɓar mutane da kansu a inda suke aiki, su ɗauki nauyin tafiya da masauki. Ba a sayen gurbi, ba a biyan komai.

Hanyar da ta dace da ƙanwarki ita ce fayil ɗinta na UNHCR. A cikin rukunan da ake duba mutum don sake tsugunar da shi a wata ƙasa akwai na mata da 'yan mata da ke cikin haɗari, akwai kuma na waɗanda aka yi wa cin zarafi ko azabtarwa. Kanada tana da shirin mata irinta tun 1988, Ostiraliya tana da biza mai lamba 204 dominsu. Sai dai ba zan yaudare ki ba, waɗanda ake kwashewa a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba, Amurka kuma ta dakatar da nata shirin a Janairun 2025. Abu na farko shi ne ta nemi jami'ar kariya mace, ta roƙi a raba mata kati da na wan mijin. Muddin suna fayil ɗaya, duk inda aka kira ta da shi za a kira. Ta je asibitin sansani kuma. Maganin rigakafin HIV cikin awa 72 ake fara shi, wannan ya wuce ta, amma gwaji da takardar likita suna da amfani har yanzu.

Zainabu M.: Tun ɗazu nake karantawa hannuna na rawa. Yaya Ummu Hanan, irin takardar nan mai tambari ni ma an turo mini. Bizar jinƙai aka ce mini, jirgin sama aka ce mini. Yayana ya biya rabi. Daga baya sai aka ce ofishin jakadancin da zai buga bizar yana Tirabulus, babban birnin Libiya, sai an kai mu can ta mota, kwana huɗu kawai. Ranar da za mu tashi wata mata a gidan da aka tara mu ta zo da allura ta ce duk mace ta miƙo hannu, ta hana ɗaukar ciki ce ta wata uku. Na ce ni ba ni da miji a tafiyar nan. Ta dube ni ta ce, “Shi ya sa.” A nan ya kamata in gudu, amma kuɗi sun riga sun tafi.

Tirabulus ba mu gan ta ba. Wani sito aka zuba mu a garin Bani Walid na Libiya, rufin kwano, taga babu. Da safe su zo da waya su buga lambar yayana, su kara mini a baki, sannan su fara duka don ya ji da kunnensa. Ya sayar da duk abin da ya mallaka, ya biya sau biyu, don na farkon da aka biya sai suka sayar da ni ga wasu. Da dare kuma su haska fitila a fuskokinmu su nuna wadda suke so. Akwai yarinya da ke kwana kusa da ni, ba ta wuce sha biyar ba, takan riƙe bakin zanena in ta ji motsin kwaɗo. Wata rana aka fita da ita, ban sake ganinta ba.

Ƙarshe dai jirgin kwashe mutane na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya fitar da ni daga Libiya zuwa Nijar, shirin da aka fara a ƙarshen 2017, daga can aka duba fayil ɗina har na samu ƙasa. Ko kwabo ba su karɓa ba. Dillalin nan har yau yana nan, na ga ya canza lamba da hoto yana tallar abin nan dai.

Hajiya Mairo: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zainabu 'yata, Allah ya saka miki, ya sanyaya zuciyarki.

Garba Direba: Allah ya isa. Amma fa Zainabu, ba don kin shiga Libiya ba da jirgin bai ɗauke ki ba. Waɗanda suka zauna a sansani suna bin layi suna nan shekara goma. Malam Abu Yasir yana magana ne daga ofis mai sanyi. Matar nan ana dukanta yau, ku kuna cewa ta cike takarda.

Zainabu M.: Malam Garba, kana nufin in gode wa Bani Walid? Mu nawa muka shiga, mu nawa muka fito?

Abu Yasir: Ofis mai sanyi? A tanti na yi aikin nan. Kai kuma me ka taɓa yi ban da jin labari a bakin fasinja?

Garba Direba: Na ga mutanen da suka tsallaka, suna can suna aiki. Kuma na ji kotun Turai ta ce duk macen da aka ci zarafinta a ba ta mafaka.

Abu Yasir: Hukuncin Janairun 2024 kake nufi, na wata Bakurdiya 'yar Turkiyya da aka yi wa auren dole ta nemi mafaka a Bulgeriya. Kotu ta ce ana iya ɗaukar mata a matsayin rukunin da ake zalunta saboda kasancewarsu mata. Hukunci ne mai kyau, amma yana aiki ne ga wadda ta riga ta taka ƙasar Turai. Ba ya aiko wa kowa biza a Adre. Wannan giɓin ne 'yan damfara ke ci da shi.

Ɗanliti: To ni dai in babu wata hanya, ga ni gwauro, a ɗaura kawai a kawo ta, bizar aure ta fi sauri 😂

Hajiya Mairo: Ɗanliti ka ji tsoron Allah. Auren dole take gudu, kai kana wasa da shi. Goge wannan.

Ɗanliti: Afuwan Hajiya, afuwan Anti Ummu Hanan.

Baban Sadik: Ni shawarata ta faɗa wa jami'an komai da komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maman Iman: Baban Sadik, faɗi a gaban wa? Ka taɓa shiga ɗakin intabiyu? Ni na shiga. Jami'ar mace ce, amma tafintan namiji, kuma ɗan sansaninmu, tantinsa bai fi taku hamsin da namu ba. Ta tambaye ni abin da ya faru a hanya, na dubi mutumin nan da muke haɗuwa kullum a layin ruwa, na ce an ƙwace mana kaya ne kawai. Haka aka rubuta. Da na samu ƙarfin faɗin gaskiya a zama na biyu, sai aka ce me ya sa labarina ya canza. Shekara guda fayil ɗina ya yi a ajiye saboda wannan.

Zainabu M.: Wallahi haka ne. Ni kuma tafintan da aka ba ni, in na yi magana mai tsawo sai ya juya ta da kalma uku. Ga maimaici, wannan ofis ki faɗa, wancan ki faɗa, likita ki faɗa, kowa da sabuwar takarda.

Abu Yasir: A ƙa'ida mace tana da damar neman tafinta mace, kuma a yi mata tambayoyi ita kaɗai ba a gaban dangi ba.

Maman Iman: A ƙa'ida, Malam. Wa ya gaya mana? Kuma tafintoci mata nawa ne a sansanin? Tun 2002 aka fitar da rahoto kan ma'aikatan agaji da ke neman 'yan mata da abinci da tamfol a sansanonin Gini, Laberiya da Saliyo. Aka kafa dokoki, aka rataye akwatin ƙorafi. Namu akwatin a bakin ƙofar ofis yake, inda masu gadi ke zama, duk wadda ta jefa takarda an gan ta.

Ummu Hanan: Na gode muku duka, Zainabu Allah ya biya ki. Mutumin ya kira ni yanzu, wai ya rage zuwa 3,000 in zan tura gobe. Ban amsa masa ba. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini komai kan ɗaya tambayar: in aka raba katin, rabon abincin wan mijin zai ragu, a ranar zai gane. Ina za ta kwana da yaran a daren?

Maman Iman: Wasu sansanonin suna da ɗakin ɓoye mata, namu babu. Kuma ta fara tambaya waye zai yi mata tafinta kafin ta buɗe baki. Malam Abu Yasir, kai da ka yi aiki da su, me ya sa ba sa ɗauko tafinta daga wani sansanin daban? Na yi wannan tambayar a gaban jami'ai uku, kowa ya ce ba sashensa ba ne.