Don Allah wace ciyawa ce kunkuru zai ci ba ta cutar da shi ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Agege, kuma ina da kunkuru irin na tudu, babban nan na arewa, wanda kawuna ya kawo mini daga Sakkwato wata 8 da suka wuce.

Tun da damina ta sauka ciyayi suka cika bayan gidanmu, shi kuwa duk abin da ya samu sai ya kai baki. Ciyawar kiri-kiri ba ta dame ni ba, don na san irinsa ciyawa ce cimarsa. Zaƙami guba ne, na tuge shi tun daga saiwa. Inda na tsaya shi ne alayyafon daji mai ƙaya, da ganyen nan mai ruwa-ruwa da Yarbawa ke kira gbure. Gbure yake bi kamar ya yi hauka, ga shi kwana 3 ke nan kashinsa ya yi laushi. Hankalina bai kwanta ba wallahi, yarana sun shaƙu da shi.

Ganyen ne ya yi masa yawa, ko ruwan kwata da ke malalowa wurin in an yi ruwan sama? In killace shi in riƙa yanko masa kiri-kiri kawai? Wanda ya taɓa kiwonsa a Legas ya taimaka mini.