Wai sai da shehu zuciya ke wankuwa?

Muƙaddami: Ina nan kan bakana. Wanda ba shi da shehun tarbiyya, da wuya ya rabu da hassada, riya da girman kai. Mai ciwon zuciya ba ya ganin ciwonsa, sai an nuna mishi.

Ɗan Zariya: Allah gafarta Malam, ina dalili? Suratus Shamsi cewa ta yi wanda ya tsarkake ransa ya rabauta, ba ta ce sai ya karɓi wuridi ba. Shehu Tijjani, wanda ya kafa ɗariƙarku ta Tijjaniyya, a 1815 ya rasu a Fas. Sahabbai wace ɗariƙa suka riƙe?

Muƙaddami: Ɗana, sahabbai Manzon Allah (SAW) ne da kansa ya yi musu tarbiyya. Hadisin Jibrilu ya kawo ihsani: ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa. Sufanci ke nan. Lazimi kuwa, wato wuridinmu na kullum, istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da maraice. Wanne ne bidi'a a ciki?

Ɗan Zariya: Lafazin ba ni da ja. Ƙayyade adadi da cewa sai da izini, nan ne rigimar. Ga kuma masu mai da almajirai gonar hadiyya.

Muƙaddami: Akwai su, kuma mu suka fi ɓata wa suna. Amma don boka ya cuci mutane ba a rufe likita.

Hajiya mai gero: Ku gafarce ni malamai. Mu a kasuwar Maraɗi tiya muke duba. Na ga mai dogon carbi yana tauye awo, na ga mai ɗage wando yana ɓoye hatsi sai damina ta yi tsakiya ya tsawwala. Wa ya wanku a cikinsu?

Kawu: Hajiya kin taɓo wurin. Ɗan Zariya, ka tuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, Baƙadire ne, kuma shi ya yi wa bidi'a yaƙi tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978. Kai kuma Muƙaddami, "sai da shehu" ta yi tsauri. Malamin da zai iya ce maka ka yi kuskure ya wadatar, ko ba ya ba da wuridi.

Ɗan Zariya: Wannan na yarda, Kawu. Izinin fa?

Muƙaddami: Ka zo zawiya ran Juma'a bayan la'asar, da littafinka.

Ɗan Zariya: Zan zo, amma ba zan zauna zikiri ba.