Satar bayanan mai biyan haraji a Amurka: abin da aka tattauna

An yi ittifaƙi a kan huɗu:

1. Babbar alama: ka tura takardar haraji ta intanet, a ƙi karɓa saboda wani ya riga ya yi amfani da lambar SSN ɗinka (lambar shaidar mutum da gwamnatin Amurka ke bayarwa).
2. Nemi IP PIN daga IRS (hukumar harajin Amurka), lambobin sirri 6 masu tabbatar da kai ne ka tura takardar, da ake sabuntawa kowace shekara.
3. In abin ya faru, cike fom 14039 (na sanar da IRS an saci bayananka), haɗa da takardar harajinka, aika ta gidan waya. Harajin da ake binka kuma sai ka biya.
4. IRS ba ta fara tuntuɓar mutum ta imel.

Inda aka rabu: wasu sun ce shigar da takarda da wuri ya wadatar wajen kare kai, wasu suka ce ɓarawo na iya riganka. Na biyun sun fi hujja.