Neman shawara: Na haura hamsin, ina so in koma wa rawarmu ta gargajiya, ta ina zan fara?

Malama 'yar Funtua:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 54, malamar firamare ce ni, ritaya ta kusa. A wani ƙauye kusa da Funtua na tashi, lokacin da 'yan mata ke fita dandali in an yi farin wata, a yi gaɗa har sai iyaye sun aiko a kira mu. Aure ya kawo ni Kano, hidimar yara da ta makaranta suka cinye shekarun, rawa kuwa sai dai in tsaya daga gefe a gidan biki ina tafi.

Yanzu yara sun girma, kuma raina yana son abin sosai. Ba tsalle-tsallen rage ƙiba nake nufi ba. Ina so in sa wa kaina buri na gaske a kan rawa, wanda zan bi a hankali har iya kwanan da Allah ya ba ni. Biyu na riga na riƙe: in taka rawar ƙwarya yadda ya kamata a cikin mata ranar wunin bikin autata, sannan in koya wa jikokina gaɗa. Maigida bai hana ba muddin cikin mata ne. Damuwata ita ce gwiwar dama da ke min ciwo in na daɗe a tsaye, ga hawan jini da nake shan magani, ga kuma bakin mutane. Wane buri ne ya dace da mai shekaruna? Da me zan fara?

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara ta ɓangarena. Kafin komai, ranar da za ki koma ganin likitanki ki gaya masa abin da kike shirin yi, a auna jinin, a duba gwiwar. Ba don ya hana ki ba, akasari ma ƙarfafa ki zai yi, sai don ki san iyakarki. Kada kuma ki daina shan magani don kin fara jin ƙarfi a jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar minti 30 sau biyar. Rawa tana cikin lissafin. Amma ba da 30 za ki fara ba. Minti goma ya isa a makonnin farko, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: in kina iya magana kina rawa, kina daidai, in numfashi ya hana ki haɗa jimla, ki sassauta. Ciwon ƙirji, jiri ko ganin duhu-duhu kuwa, tsayawa ake yi nan take a nemi asibiti.

Gwiwa ba ta son abu biyu: dira da ƙarfi a kan siminti, da juyawa alhali tafin ƙafa yana manne da ƙasa. Ki ɗaga ƙafar ki juya gaba ɗaya. Ki kuma ƙarfafa cinya, domin ita ke ɗauke wa gwiwa nauyi: zama a kujera da tashi ba tare da dafa komai ba, sau goma, safe da yamma. Ni burin farko da zan ba ki shi ne ki kai inda za ki taka waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe, gobe ki tashi gwiwar ba ta kumbura ba.

Inna mai ƙwarya:
Ƙanwata, kin faranta min rai. Na girme ki da kusan shekara goma, kuma mahaifiyata kiɗan ƙwarya take yi a gidajen biki da suna, a gindinta na tashi. Jikata ce ke rubuta min wannan.

Abin da nake so ki sani, rawar da kike nema ba ta 'yan mata ba ce, kada ki auna kanki da su. Amada, wato kiɗan ƙwarya na mata, tana da rawar manya, kuma ita ce ma rawar. Babbar mace in ta shigo fili ba ta sauri. Takunta gajere ne, ƙafa ba ta nisa da ƙasa, kafaɗa da ƙugu su ke aikin, hannu ɗaya riƙe da bakin mayafi. Tana iya yin taku uku kacal ta tsaya, masu ƙwarya su sauke kiɗan dominta, a rangaɗa guɗa. Yarinya sai ta zagaye fili sau biyar ba a yi mata guɗar nan ba. Abin da ake kallo a wurin babba shi ne ta san inda kiɗa zai faɗa, ta riga shi isa can ta jira shi. Wannan kuwa shekaru ne ke ba da shi, gwiwa ba ta da hannu a ciki sosai.

Saboda haka ki fara da kunne. Ki nemi kiɗan marigayiya Barmani Choge, 'yar ƙasarku ce ma ta Funtua, ta rasu a 2013, da na Uwaliya mai Amada. Ki saurara kina aikin gida, kada ki yi rawa tukuna. Ki raba muryoyin ƙoren: akwai babbar da aka kifa a kan ruwa mai zurfin murya, akwai ƙanana masu kaifi da ke cike tsakani. Ƙafarki babbar za ta bi, kafaɗarki ta bi ƙananan. In kin iya tafa wa babbar ba ki kuskure ba har waƙa ta ƙare, to ki miƙe.

Sannan ki samu ƙwarya ki kifa a baho da ruwa ki riƙa bugawa da kanki. Wadda ta taɓa kiɗa, rawarta daban take.

Buri kuma, ga nawa da zan ƙara miki: ki nemo tsohuwa ɗaya a garinku wadda ta yi zamani da abin, ki je ki zauna da ita, ki kai mata goro da sabulu, ki ce ta nuna miki. Suna ƙarewa. Yawancin bukukuwa yanzu na'ura ake kunnawa a ɗakin taro, masu ƙwarya sai a ƙauye ko gidan da uwar biki ta nace. Ki zama uwar bikin da ta nace.

Alhaji, Sabon Gari Zariya:
Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don ba kowa ne zai gaya miki ba. Mace mai shekara 54, malama, mai surukai da jikoki, ina ganin girmanki ya wuce a ce kina koyon rawa. In lafiya ake nema, tafiyar ƙafa bayan asuba ta wadatar. Lokacin ritaya lokacin ƙara karatu ne da istigfari. Kuma zamanin nan ba a da sirri, yarinya ɗaya za ta ɗaga waya, gobe a gan ki a duniya. Ina faɗa ne don mutuncinki.

Malamar Islamiyya, Gwale:
Alhaji, maganarka ta waya gaskiya ce, ina tare da kai a kanta. Amma sauran akwai abin dubawa. Baiwar Allah nan ta ce cikin mata za ta yi, da yardar mijinta, a bikin 'yarta. Ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kalli Habashawa suna wasa da mashi a masallaci ranar idi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kāre ta. An kuma yi izinin buga mandiri a biki. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wannan sananne ne, kuma ba a nan za mu warware shi ba. Hajiya ta tambayi malamin da ta amince da iliminsa, ta tsaya inda zuciyarta ta natsu. Abin da zan ce mata shi ne ta tace waƙoƙin, domin wasu baitocin amada akwai batsa da habaici, ba kowanne ake maimaitawa gaban jikoki ba. Kuma rawa ba ta hana karatu. Ɗalibaina da suka fi ƙoƙarin hadda akwai masu shekara sittin, su ne kuma ke fara miƙewa ranar walima.

Tsohon ɗan rawa, Kano:
Ranki ya daɗe, ni na yi rawar Koroso a ƙuruciyata, yanzu ina da shekara 61, ɗinki nake yi. Koroso ba taki ba ce, akwai lanƙwasa da ɗaukar juna da ke son ƙashin yaro, ni ma na bar wa na baya. Amma ina so ki sa kallo a cikin burinki, don mai koyon rawa da ido yake fara ci. Tunda kina Kano, ki je Gidan Ɗan Hausa, nan Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take. Ki tambayi ranar da masu wasan gargajiya ke atisaye ko wasa. In kin samu, kada ki kalli tsallen, ki kalli ƙafafu da abin kaɗawar da ke ɗaure a ƙwauri. Za ki ga kowane taku yana da amo, ɗan rawa shi ma makaɗi ne.

Abin da maigidana a rawa ya fara koya mana shi ne tsayuwa. Gwiwa a ɗan sassauce, ba a ƙame ba, nauyi a tsakiya, ƙirji a buɗe. Mun daɗe a kan wannan kafin ya bar mu mu yi wani salo. Da gwiwarki mai ciwo wannan tsayuwar za ta taimake ki, don ƙamammiyar ƙafa ita ke karɓar duka.

Ni ma ina da nawa burin, tunda an buɗe maganar. Ina so kafin ƙarfina ya ƙare in ga wasan 'yan hoto a ƙauye bayan an kawar da amfanin gona, inda manoma ke cilla garma sama su cafe ana kiɗa. A dandamali na gan shi, ban gan shi a inda aka haife shi ba. Ina kuma so in je Tamale ta ƙasar Gana in ga rawar Takai ta mutanen Dagomba, da manyan rigunansu masu buɗewa in sun juya da 'yan sandunan ƙarfe da suke haɗawa, in kwatanta da Takai ɗinmu. Alhaji na Zariya, na ji maganarka, amma a Takai dattawa na gani a gaba, samari a baya.

Ɗaliba, Samaru:
Mama, ni roƙo nake yi. Mu da muka tashi a birni ba mu san gaɗa ba sai a littafin Hausa na sakandare. Na san ana yin da'ira ana tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta faɗo da baya ƙawaye su tare ta su cilla, amma ban taɓa yi ba, ban san muryar ko waƙa ɗaya ba. Don Allah duk waƙar da kika tuna ki rera a waya ki adana, ki kuma rubuta baitocin a littafi da sunan garin da ake yin ta, domin ta Funtua ba lallai ta zama ɗaya da ta Zazzau ba. In kin je wurin tsohuwar da Inna ta ce, ki nemi izininta ki ɗauki muryarta. Ke malama ce, kin san yadda ake koya wa yara abu. Ko 'yan mata shida na unguwa kika tara a tsakar gida ranar Asabar, an fara.

Batun waya a biki kuma akwai dabara. A bikin yayata an sa wata gwaggonmu a ƙofa, aka sanar tun farko cewa ba a ɗaukar hoto lokacin rawar iyaye, kuma an kiyaye.

Hajiya daga Damagaram:
Sannu 'yar uwa. Mu nan har gobe uwar amarya tana taka rawa a cikin mata, ba wanda ke ganin girmanta ya ragu, sai ma a yi mata liƙi. Shawarata ɗaya ce: kada ki yi ke kaɗai. Ki samu ƙawa biyu ko uku sa'o'inki, ku sa rana a mako, gida-gida. Ranar da kasala ta kama ki, wata za ta buga miki ƙofa. Kuma ranar bikin ba ke kaɗai za ki shiga fili ba, kunya za ta ragu.

Malama 'yar Funtua:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Alhaji, na karɓi gargaɗinka na waya, za a sa mai tsaron ƙofa kamar yadda ɗiyata ta Samaru ta ce, kuma karatuna na Islamiyya yana nan ban ajiye ba. Malama, zan tace baitocin.

Ga yadda na tsara. Ranar asibitina ta wata mai zuwa zan yi wa likita maganar, kafin nan zan fara tashi-zauna a kujera da sauraro kawai. Na yi wa maƙwabciyata da wata abokiyar aikina magana, sun yarda da yammacin Alhamis. Akwai ƙanwar mahaifina a ƙauye, ta haura tamanin, ita ce ke ba da waƙa a dandali a zamaninsu, in an yi hutun makaranta wurinta zan nufa da littafi da waya. Tun jiya da na zauna tunani, waƙoƙin gaɗa huɗu sun dawo min, ɗaya rabinta kawai.

Inna mai ƙwarya, saura tambaya gare ki. Wace irin ƙwarya zan saya ta kifawa a ruwa, mai kauri ko marar nauyi, kuma da me ake bugunta don kada ta fashe? Sannan in kin san masu amada da har yanzu ke zuwa biki a cikin Kano, ki sa jikarki ta turo min saƙo ta gefe, ina so in yi magana da su tun kafin a sa rana.